Ɗanyen Hoton Ɗantani

Ɗantani robobi yake sayarwa a Ƙofar Wambai: bokiti, baho, kwandon wanke-wanke da butoci kala-kala. Shekara goma sha tara yana wannan sana'a, kuma babu shekarar da ta wuce bai gano cewa Allah ya yi masa wata baiwa ta daban ba. Ya taɓa kiwon tarwaɗa a bahon wanka. Ya taɓa zama mai gyaran janareta na tsawon sati uku, har ranar da mai janaretan ya zo ya kwashe abin da ya rage a buhu. Bana kuma sai ya sayi kyamara ta hannu a wurin wani da ya dawo daga Legas. Baƙa ce, mai nauyi, gilashin bayanta ya tsage, wani baƙin tabo ya mamaye tsakiyarsa, ta yadda rubutun gefe kawai ake iya karantawa, hoton da aka ɗauka kuwa ba a ganinsa.

Sati biyu ya yi yana kallon bidiyon masu hoto a waya, ya fito da ilmi guda ɗaya tak, ya riƙe shi da hannu biyu. Wanda ya fara shan karatun shi ne maƙwabcin rumfarsa, Malam Mikail mai tabarmi.

"Malam Mikail, ka san hoto iri biyu ne?"

"Na sani. Akwai wanda mutum ya yi kyau, akwai na katin zaɓe."

"Ba wannan ba. Akwai jefeg, akwai ro. Jefeg shi ne irin na wayarka. Kyamara ta ɗauka, ta yi yadda ta ga dama da shi, ta matse shi, ta zubar da mafi yawansa, ta miƙo maka ɗan abin da ya rage. Ro kuwa ɗanye ne, ba a taɓa shi ba. Duk abin da yake wurin yana ciki. In duhu ya yi yawa, daga baya ka ƙara haske a kwamfuta. In ka yi kuskure, daga baya ka gyara. Mai ɗaukar ro ba ya kuskure, sai dai a ce bai gama aiki ba."

"Kana da kwamfutar?"

"Wannan ƙaramin al'amari ne."

Da abin ya tsaya a kasuwa, da babu wanda zai cutu. Amma Ɗantani yana auren Hafsa, 'yar Alhaji Muttaka na wajen Ƙofar Mazugal, tsohon gida ne na fataken da kakanninsu suka ƙetaro sahara suka zauna a Kano. Alhaji Muttaka shekararsa tamanin da takwas, kuma hotonsa guda ɗaya aka taɓa ɗauka a duniya, na fasfon aikin hajji, wanda gara ta cinye tuntuni tare da akwatin da yake ciki. Bai taɓa cewa hoto haramun ne ba. Cewa kawai yake ba ya so, kuma a gidan nan wannan ya isa.

Babbar 'yarsa, Hajiya Salma, shekara talatin da ɗaya tana aure a Tarabulus, can ƙetaren sahara. Ta zo ganin gida bayan shekara tara, jirginta zai tashi ranar Litinin da safe, kuma ita da kowa sun san ba lallai ne ta sake tarar da tsohon ba. Ta roƙe shi ya bari a ɗauke shi hoto da iyalinsa gaba ɗaya, ta tafi da fuskarsa. Ya ƙi. Ta sake roƙo, ya ƙi. A na uku hawaye kawai ta yi.

"Sau ɗaya," in ji Alhaji Muttaka. "Ranar Asabar da hantsi. Zan zauna iya shan kofin shayi guda. In na ajiye kofin an gama, kuma kada wanda ya sake tayar mini da maganar nan."

Mustafa, ƙanin Hafsa, malamin sakandare, har ya yi magana da wani mai situdiyo. Hafsa ce ta yi kuskuren ba wa mijinta labari yana cin tuwo. Bai ƙarasa tuwon ba. Kafin la'asar yana soron gidan surukai, kyamara a wuya, yana yi wa Hajiya Salma da Mustafa bayani.

"Yaya Salma, mai situdiyon nan jefeg zai ba ki. Ki kai shi Tarabulus, ki ce za ki ƙara masa girma, ya tarwatse kamar garin kwaki. Ni kuwa ro zan ɗauka. Gashin girar Baba sai kin ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya."

"Mijin Yaya," in ji Mustafa, "hoto nawa ka taɓa ɗauka da abin nan?"

"Sun fi ɗari uku."

"Nawa ka taɓa gani da idonka?"

"Ba a ganin ro haka kawai, Mustafa. Ba rake ba ne da za a yanka maka ka ɗanɗana."

Hajiya Salma ba ta san tarihin tarwaɗa ba, ba ta san na janareta ba, maganar gashin gira kuwa ta shiga ranta. Ta ce ai na gida ya fi bare, a sallami mai situdiyo. Mustafa ya dubi sama, ya ce Allah ya sa a yi a sa'a.

A gida Hafsa ta tare shi.

"Baban Nana, ni abu ɗaya ne ya dame ni. Shekara goma sha shida da aurenmu ba ka taɓa ɗaga ido ka kalli Baba ba. In ka hango Hajiya mahaifiyata a lungu, juyawa kake ka bi ta wani. Ta yaya za ka ɗauke su hoto?"

"Ai ba ni zan kalle su ba. Kyamara ce."

Ranar Asabar ƙarfe bakwai da kwata ya iso, sanye da wata falmaran ta gwanjo mai aljihu goma sha biyu, ɗauke da baho sabo fil daga rumfarsa. Ya tsaya a bakin zaure, duk wanda ya shigo sai ya miƙa masa bahon.

"Waya a nan."

"Saboda me?"

"In kowa ya ɗaga waya, idanu za su rarrabu. Wannan na kallon gabas, wannan na kallon yamma. Yau kyamara ɗaya ce a gidan nan."

'Yan mata suka yi ƙunƙuni, gwaggwanni suka yi tsaki, amma Hajiya Salma ta fara jefa tata, sai kowa ya bi. Waya arba'in da ɗaya. Ɗantani ya kai bahon ɗakin ajiya, ya kulle, ya jefa mukullin a ɗaya daga cikin aljihunan.

Daga nan ya shiga gwada haske. Ya ɗauki tsohon ƙyauren zaure mai ƙusoshi. Ya ɗauki tukunyar da ake dafa shinkafa, ta gaba da ta baya. Ya ɗauki rijiya. Wata kyanwa ta hau katanga, ya bi ta ya ɗauke ta sau goma sha ɗaya, yana durƙusawa yana miƙewa, matan da ke girki suna janye ƙafa don kada ya taka su. Abin da bidiyon bai nanata masa ba, ko ya nanata bai ji ba, shi ne ɗanyen hoto guda ɗaya yana cin wurin da hoton jefeg da yawa za su zauna, memorin da ya zo da kyamarar kuwa ƙarami ne, na zamanin da.

Ƙarfe goma saura aka fara jera mutane a tsakar gida. Mutum hamsin da biyu: 'ya'ya, jikoki, tattaɓa-kunne, da wasu gwaggwanni biyu da shekara shida ba sa magana da juna, aka sa ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan. Ɗantani ya sa dogaye a baya, ya dawo da su gaba, ya sake mayar da su baya. Aka ajiye kujeru biyu a tsakiya, ɗaya ta Alhaji, ɗaya ta matarsa Hajiya 'Yardada. A gabansu, a ƙasa, aka ajiye tire da butar shayi ta azurfa wadda aka goge ta sai ƙyalli take.

Alhaji Muttaka ya fito a hankali, da farin rawani da sanda. Ya zauna. Aka tsiyaya masa shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, ya ɗauka.

Ɗantani ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Barka da hantsi, Baba."

"Barka kadai."

"An tashi lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya."

"Ya taro?"

"Mijin Yaya," in ji Mustafa daga layin baya, "kofin ya kai rabi."

"Ban gaida Hajiya ba."

Ya gaida Hajiya 'Yardada, ita ma cikakkiyar gaisuwa. Sannan ya ja da baya da durƙuso, ya ɗaga kyamarar sama-sama, ya danna don gwaji. Kyamara ta yi ƙit, ta yi shiru. Ya sake dannawa. Wani jan rubutu ya fito a gefen gilashin. Mustafa ya ratso ta tsakanin mutane ya leƙa.

"Ta ce ta ƙoshi. Memori ya cika."

"Ba zai yiwu ba."

"Ga shi a rubuce. Amma akwai ɗan wuri kaɗan. Mayar da ita jefeg, za ta ɗauki ko huɗu ne. Yi sauri."

Ɗantani ya dube shi kamar ya ce masa ya ci da hagu a gaban mutane.

"Baba zan ɗauka da jefeg? Baba?"

"To goge wasu."

"Wanne zan goge? Na rijiyar nan hasken ya zauna. Na kyanwar kuwa, na bakwai ko na takwas, ban san wanda ya fi ba."

Alhaji Muttaka ya kurɓi shayi. Kowa ya ji kurɓar.

"Goge kyanwar," in ji Hajiya Salma. "Don Allah, Ɗantani, goge kyanwar."

Ya goge guda ɗaya, da kyar, kamar ana cire masa haƙori. Kyamara ta nuna akwai wurin hoto ɗaya. A kofin Alhaji saura kurɓa ɗaya.

Ya miƙe tsaye, ya kai kyamarar idonsa, ya leƙa. Ga fuskar surukinsa dab da tasa, kamar hancinsu zai haɗu, idanu biyu suna kallonsa kai tsaye. A gefe ga Hajiya 'Yardada, ita ma shi take kallo, har ta ɗan ɗaga gira. Shekara goma sha shida yana kauce wa wannan kallon a lunguna, yau ga shi gilashi ya jawo masa shi har cikin ido. Kunya ta rufe shi tun daga hula har ɗan yatsa. Bai san lokacin da ya koma durƙushe ba. Ya kau da kai gefe, ya runtse ido, ya miƙa kyamarar gaba da hannu biyu kamar mai miƙa goron gaisuwa. A ransa ya ce ai ro ne, duk abin da yake wurin yana ciki. Ya danna.

Kyamara ta yi ƙaras. Kofi ya sauka a kan tire.

"An gama?" in ji Alhaji Muttaka.

"An gama, Baba."

Tsoho ya dogara sandarsa ya shige ciki.

Sai aka koma neman mukulli. Aljihu goma sha biyu, Ɗantani ya laluba su ɗaya bayan ɗaya, ya fito da goro, da batir, da tsohon rasit, da murfin kyamara, mutum arba'in suna tsaye a kansa. A zagaye na uku aka gano aljihu na tara a huje yake, mukullin ya faɗa cikin shafin rigar. Sai da Hafsa ta farke ɗinkin da reza.

Kowa ya karɓi wayarsa, magana ɗaya ce a bakinsa: a tura mana. Mustafa ya sa memorin a laftof ɗinsa na makaranta. Hoton ya ƙi buɗewa, sai wata alama fara kamar takardar da ba a rubuta komai a kai ba. Ɗantani ya ce a tura shi haka nan guruf ɗin iyali, wayoyin zamani za su gane shi. Minti arba'in yana tafiya, ya cinye datar Mustafa kaf, ya isa, babu wayar da ta buɗe shi.

"An turo mana farar takarda," in ji wata gwaggo. "Ko mu za mu zana kanmu a ciki?"

"Gwaggo, abinci mai kyau ba a cinsa ɗanye. Gobe bayan la'asar kowa ya dawo. A filasma za ku gan shi, a gabanku zan dafa shi."

Ranar Lahadi tun da safe ya shiga gari da memori a ƙulle cikin leda. Shagon wanke hoto na farko, mai shagon ko karɓa bai yi ba.

"Kawo jefeg in wanke maka yanzu."

"Ashe ba ka san aikinka ba."

"Shekara ashirin ina yi. Kai ka san naka?"

A shago na biyu aka sa memorin a wata tsohuwar kwamfuta, ta yi gurnani, ta sandare, mai shagon ya rako shi har bakin titi da maganganun da ba sai an maimaita ba. A na uku aka ce masa ya je wajen Ƙofar Ɗan Agundi ya nemi Malama Ikram, mai haɗa kalandar biki, ita ce take da manhajar buɗe irin wannan.

Ikram mace ce mai ƙarancin magana, ta sa tabarau, ta saurare shi har ya gama wa'azinsa na ro da jefeg.

"Na ji. Kawo in buɗe mu gani."

"A'a. Ba a nan ba. Idon farko da zai gan shi na iyali ne."

"Malam, bari in fara dubawa. In akwai matsala gara mu sani mu biyu."

"Matsala a ro? Malama, ke dai ki zo da laftof ɗinki bayan la'asar. Ke ce hannu, ni ne kai."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce to.

A hanyar dawowa ya biya ta Ƙofar Wambai, ya gayyaci Malam Mikail da duk 'yan layinsu, ya ce su zo su ga bambancin sana'a da wasa.

Bayan la'asar gidan Alhaji Muttaka ya fi jiya cika. An fito da filasma tsakar gida an ɗora a kan tebur, an tayar da janareta. Mata a tabarmi ta hagu, maza ta dama, 'yan kasuwa a tsaye a bakin soro. Hajiya Salma ta zauna gaba-gaba, ta riga ta sayo firam mai ruwan zinare, yana kan cinyarta. Shi kansa Alhaji Muttaka ya sa an fito masa da kujera, wai zai sha iska ne kawai.

Ɗantani ya tsaya a gefen filasmar, ya juya wa surukansa rabin baya, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, abin da za ku gani yanzu ba a saba ganinsa a unguwar nan ba. Malama Ikram, bismilla."

Ikram ta danna. Hoton ya buɗe. Duhu ne dunɗum, sai ɗan toka-toka a ƙasa.

"Daren jiya ka ɗauka?" in ji Malam Mikail.

Ɗantani ya yi murmushin wanda ya san abin da wasu ba su sani ba.

"Kun gani? Da jefeg ne, shi ke nan, sai a yi masa salla. Malama, ƙara haske."

Ta ja wani ɗan layi a hankali. Kuma gaskiya ne, duhun ya fara yayewa kamar wayewar gari, kala ta fara fitowa, har wasu suka ce ikon Allah. Ɗantani ya buɗe hannuwa yana karɓar yabo. Sai hoton ya fito sarai.

Ƙafafu ne.

Daga wannan gefen filasmar zuwa wancan, ƙafafu ne a jere: masu lalle, masu safa, masu silifas, masu takalmi sau-ciki. A tsakiya ga ƙafafun Alhaji Muttaka a kan darduma, da gindin sandarsa, da tire da butar shayi. Daga sama hoton ya yanke daidai gwiwa.

Janareta kaɗai ke magana.

"Ja shi ƙasa," in ji Ɗantani. "Kawunan suna sama."

"Nan ya ƙare," in ji Ikram.

"A'a, ki duba ciki sosai. Ro ne. Duk abin da yake wurin yana ciki."

"Duk abin da ka nuna wa kyamara yana ciki, Malam. Duhu ne, na ceto maka shi. Abin da ba ka nuna mata ba, ba ta gan shi ba."

"Wataƙila manhajarki ce ƙarama. A Abuja akwai wadda..."

"Ko a ina ne, gwiwa ba ta tsiro da kai."

Mustafa ya matso yana ƙirgawa da yatsa.

"Talatin da bakwai. Mijin Yaya, ko ƙafafun ma ba su cika ba. Akwai wanda ka raba da guda."

Ɗantani gumi ya jiƙa masa falmaran. Ya ga in bai nuna wani abu ba, ya mutu a tsaye.

"Amma ku dubi ingancin. Malama, matso da nan. Ƙara. Ku ga yadda ba ya tarwatsewa."

Ikram ta matso da wurin da ya nuna. Diddigen wata gwaggo ya cika filasmar, da faso layi-layi kamar ƙasar fadama da rani.

"Wannan ƙafar Gwaggo Uwa ce," in ji wata daga can ƙarshen tabarma, ɗaya gwaggon ce, wadda shekara shida ba ta ambaci sunan ba.

"Ƙafar uwar wa?" in ji Gwaggo Uwa tana miƙewa. "A matso da taki mu gani."

"Wuce nan, Malama, wuce nan," in ji Ɗantani da sauri.

Ikram ta wuce. Babban ɗan yatsan Mustafa ya bayyana, ya leƙo ta hujin safa, girmansa ya kai tulu. 'Yan kasuwa suka fashe da dariya. Mustafa ya ce safar aro ce, ba wanda ya saurare shi.

Hajiya Salma ba ta yi dariya ba. Ta juya firam ɗin ta kifa shi a cinyarta.

"Malama Ikram," ta ce a hankali, "babu fuska ko ɗaya?"

Dariyar ta mutu. Ikram ta dawo da hoton yadda yake, ta bi shi da ido daga gefe zuwa gefe. Ta tsaya a tsakiya.

"Akwai wani abu a jikin butar shayin nan. Kamar fuskar mutum."

Ɗantani ya yi tsalle kamar an tsikare shi.

"Kun ji ko? Me na gaya muku? Butar tana gaban Baba, ta ɗauke shi. Jefeg zai ba ku wannan? Malama, matso da ita, cika filasmar da ita. Yaya Salma, shirya firam."

Ikram ta matso da butar. Ta ƙara. Azurfar ta cika filasmar, kuma a cikinta, tsaf, ba tare da ko ɗigo ya tarwatse ba, ga mutum a durƙushe. Cikin butar ya kumbura masa kumatu, ya shimfiɗa masa hanci. Ya miƙa kyamara gaba da hannu biyu, ya karkatar da kai gefe, idanu a runtse gam, baki a yamutse kamar wanda ake yi wa allura. Aljihunan falmaran ɗin ma ana iya ƙirga su.

Wannan karon har matan cikin ɗaki sai da suka fito. Malam Mikail ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Gwaggwannin nan biyu suka dafa juna. Hafsa ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ba a san ko kuka take ko dariya ba. Ɗantani ya nemi ƙofa da ido, ya ga 'yan layinsu da ya gayyato da bakinsa sun toshe ta.

Hajiya Salma ta taso ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, don Allah, sau ɗaya kuma. Ga waya a hannun kowa. Ko shayi ba sai an dafa ba."

Alhaji Muttaka ya goge idonsa da gefen rawani, don shi ma dariyar ta taɓa shi.

"Na ce sau ɗaya, Salma, kuma na zauna. Malama, ki wanke mata wannan ɗin ta tafi da shi. Ƙafafuna ne, da su na kai ta makarantar allo." Ya nuna dardumar da ke gabansa da sanda. "Ke kuma zauna nan. Jirgin naku sai gobe. Ga fuskar, ki kalle ta iya son ranki."

Ta zauna. Ta ciro tabarau daga jaka ta sa, ta ɗaga kai tana kallonsa, shi kuma ya gyara zama ya bar ta. Mutane suka rage murya, wasu suka fara naɗe tabarmi.

Ɗantani ya ga dama ta samu. Ya ɗauki takalmansa a hannu, ya bi jikin bango a sunkuye, har ya kai bakin soro.

"Ɗantani."

Ya zube a inda yake.

"Na'am, Baba."

"Wancan na jikin butar, a wanke mini shi babba, a rataye mini a ɗaki. Shekara goma sha shida kana auren 'yata, tsakiyar hularka kawai na sani. Yau na ga fuskarka."

"Zan wanke, Alhaji," in ji Ikram tana naɗe wayar laftof. "Amma sai na mayar da su jefeg tukuna. Injin ba ya karɓar ɗanye."

Gidan gaba ɗaya ya juya ya dubi Ɗantani. Yana durƙushe, takalmi a hannu, ido a ƙasa.

"A mayar," in ji shi.